Gemu da Takunkumin Ƙura: Dole Ne Sai Na Aske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina aiki a wata masana'anta da ke yankan dutsen giranit da tayil a Kano. A da takunkumin asibiti, shuɗin nan, ake raba mana, in an tashi kuma a ba kowa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura daga ƙirji. Yanzu sabon manaja ya kawo takunkumin roba mai filta biyu, ya ce duk mai gemu ya aske ko ya bar wajen injin. Ni kuwa don addini na tsayar da gemuna. Da gaske gemu na hana takunkumi aiki, ko hanyar korarmu ake nema? Kuma me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manajanku ya faɗi gaskiya game da gemu da irin takunkumin da ya kawo. Sai dai ya tsaya a rabin hanya, domin aski ba shi kaɗai ne mafita ba.

Mu fara da abin da kake shaƙa. Dutsen giranit na ɗauke da sinadarin silika mai yawa. Idan injin ya ci dutsen a bushe, farar ƙurar da kake gani tana kwanciya a gira da gashin hannu ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba, don hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Mai kisan ita ce wadda ido ba ya gani, wadda ke wucewa har can ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta kewaye ta da tabo, huhun ya yi ta taurarewa. Wannan ita ce cutar silikosis. Ba ta da magani, tana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sau da yawa sai an yi shekara goma ko fiye kafin mutum ya lura hawan bene na sa shi haki. Saboda wannan cuta ne Ostireliya ta haramta aiki da dutsen da ake haɗawa a masana'anta, wanda silikarsa kan wuce kashi 90 cikin ɗari, daga 1 ga Yulin 2024.

Madara kuwa ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka sha don abinci ce mai kyau, amma ba ta taɓa fitar da ƙwayar ƙura ɗaya daga ƙirjin kowa ba. Takunkumin asibiti ma an yi shi ne don tare yawu da feshin atishawa. Dubi gefen kumatunka in ka sa shi, yatsa biyu na shiga. Shekaru shidan nan, gaskiya, kusan babu kariya ka yi su, kuma wannan ya fi damuna a wasiƙarka fiye da batun gemun.

Takunkumin roba da aka kawo yanzu ci gaba ne na gaske, idan filtar ta dace. Duba jikinta. Ta Amurka za ka ga sunan NIOSH, hukumar da ke tantance takunkumi a can, da lamba irin N95, wadda ke tace kashi 95 cikin ɗari, ko P100 mai tace kashi 99.97. Ta Turai za ka ga P2 ko P3, a takunkumin da ake yarwa bayan aiki kuma FFP2 ko FFP3. Ga yankan dutse a nemi P3 ko P100. Filtar ƙura ba ta tare tururin gam ko fenti ko tina, wannan sai filtar gawayi, wadda Turai ke yi wa alamar ruwan ƙasa, Amurka kuma baƙa.

Amma duk kyan filta, iska ba ta bin ta sai dole. Kamar ruwan sama ne a rufin kwano, inda ya sami ɓula nan yake bi. Idan ka ja numfashi, cikin takunkumin na zuƙo iska daga ko'ina. In bakin robar ya manne da fata, babu hanya sai ta filta. In kuwa gashi ya shiga tsakani, kowane sili ya zama ƙaramar kafa, kuma ƙurar silika ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tsiron kwana ɗaya ko biyu ma ya isa ya ɓata mannewar, balle cikakken gemu da saje. Ɗaure igiya tamau ba ya gyara wannan, shafa man basilin ma haka. Na sha ganin mai gemu ya cire takunkumi bayan aiki, waje fari fat, cikin ma fari, ga layin ƙura ya bi ta ƙarƙashin haɓa har bakin hanci. Shi kuwa yini guda yana jin a kare yake, har yana matsawa kusa da injin.

Ga abin da manajanku bai faɗa ba. Akwai na'urar da ake kira PAPR: hula ce ko kwalkwali mai rufe kai da fuska har wuya, da ɗan injin batir da ake ɗaurawa a ƙugu. Injin ke jan iska ta cikin filta ya hura ta cikin hular, don haka iska kullum fita take yi ta gefe, ƙura ba ta samun shiga. Tunda ba ta dogara da mannewa da fata ba, mai gemu na sa ta lafiya lau. A ma'aunin OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, takunkumin rabin fuska na rage ƙurar da ake shaƙa zuwa kashi ɗaya cikin 10, hular nan kuma zuwa ɗaya cikin 25. Tana da tsada, kuma tana son a riƙa cajin batir, ga wutarmu yadda take. Duk da haka ita zan ce ka nema. Hukuncin gemu na malamai ne. Nawa shi ne in gaya maka cewa akwai kayan aikin da zai bar maka gemunka da huhunka duka.

Batun doka. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta nauyin kare ma'aikata daga shaƙar ƙura da hayaƙi masu cutarwa, da samar musu kayan kariya da suka dace, kuma sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke da ikon shiga su duba. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, wadda ta ce matakan kariya ba za su ci kuɗin ma'aikaci ba, don haka kada ka yarda a cire kuɗin takunkumi ko filta a albashinka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Kamfani ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan wannan diyya. Ka tambaya ko an yi muku rajista.

Inda kamfanoni da yawa ke lekowa su ɗauki tsari dalla-dalla shi ne ƙa'idar OSHA mai lamba 1910.134. Ta buƙaci rubutaccen shiri, da duba lafiyar ma'aikaci kafin ya fara sa takunkumi, da gwajin dacewa da fuska aƙalla sau ɗaya a shekara. A gwajin ana kifa wa mutum wata hula, a fesa ruwa mai ɗaci ko zaƙi, ya juya kai, ya yi magana, ya sunkuya. In ya ji ɗanɗano, takunkumin ya faɗi. Ka tambayi manajanku ko an yi wa marasa gemun wannan gwaji, don fuska ba ɗaya ba ce, kuma girma ɗaya ba ya dacewa da kowa.

Sannan ka tambaye shi batun ruwa. A ƙa'idar aikinmu takunkumi ne matakin ƙarshe, bayan an kashe ƙurar tun daga tushe: injin mai zuba ruwa a bakin wuƙa, na'urar zuƙe ƙura, wanke daɓe da ruwa maimakon shara a bushe, da daina kaɗe tufafi da iskar kwamfuresa. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, kada yara su rungume ka da su.

Kai kuma, Malam, kada ka jira tari. Ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka, a gwada ƙarfin numfashinka, a duba tarin fuka. Ka gaya wa likita da bakinka cewa shekara shida ka yi kana yankan giranit, don in bai ji wannan ba zai iya ɗaukar abin da ya gani a hoton a matsayin wani ciwo dabam. Ka ajiye takardun sakamakon a gida, su za a nema in batun diyya ya taso.