Amsa: Ɗana ya shekara 3 bai fara magana ba

Maman yaro, kin ce ɗanki ya cika shekara 3, daga "mama" sai nuni da yatsa, kuma dangi na cewa ki ƙyale shi nauyin baki ne, wasu na cewa a kai shi wurin wanzami. Kada ki ƙara jira, kuma kada a sa masa aska a baki, cire beli ba ya buɗe magana. Yawancin yara kan fara haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba zo", tun suna shekara 2. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan Sakkwato, a fara auna jinsa, sannan ki nemi a haɗa ku da mai koyar da magana.

Na nace a kan kunne ne saboda ɗiyar ƙanwata. Muna ganin tana waiwayowa in an buga ƙofa, muka ɗauka jinta lafiya lau, ashe ƙarar take ji, kalmomin ba sa isa gare ta sosai. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani bayan haihuwa, da kunne mai yawan zubar da ruwa duk suna iya taɓa ji, don haka in ya taɓa yin ɗaya ki faɗa wa likita. Kafin ranar zuwa asibitin, ki rage masa waya. In ya nuna randa, ki durƙusa ya ga bakinki, ki ce "ruwa", ki ɗan dakata masa, sannan ki ba shi ko bai maimaita ba. Allah ya buɗe bakinsa.