Fatawa: Ɗan Sanda da Ɗan Daudu a Komisariya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan sanda ne a nan Yamai. Wani dare muna sintiri wajen Wadata muka kama mutum huɗu sun taso daga biki, da zani da kallabi da lalle, ashe maza ne. Da muka kai su komisariya abokan aikina suka sa su tuɓe, suka sa su rawa, ɗaya yana ɗauka da salula. Da asuba kowa ya ba da jika goma aka sake su. Guda cikinsu ya yi ta rantsuwa cewa shi mata-maza ne tun haihuwa, ba wanda ya saurare shi. Ban taɓa kowa ba, amma na yi dariya, kuma an ba ni rabona. Da na yi magana aka ce Annabi ya la'ance su, ba su da wani haƙƙi. Malam, mene ne hukunci? In an sake kawo irinsu, wa zai caje su, kuma ɗakin maza za a sa su ko na mata?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da zuciyarka ta ƙi kwanciya a kan wannan abu.

Hadisin da abokan aikinka suka kawo ingantacce ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Namijin da halittarsa take sarai ya ɗauki shiga da tafiya da maganar mata da gangan ya aikata haram, ban san saɓani a kan wannan ba. Amma daga "ya aikata haram" zuwa "ba shi da haƙƙi" akwai tafiya mai nisa, kuma ba malamin da ya yi ta.

Mutanen da kuke tarawa ƙarƙashin suna guda ba iri ɗaya ba ne a fiƙihu. Akwai mata-maza, wanda littattafai ke kira hunsa, da aka haife shi da alamun jinsi biyu ko da halittar da ba ta fayyace ba. Wannan ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Duk almajirin da ya sauke Muhtasar na Shehu Halil ya san da mas'alarsa aka rufe littafin: in an kasa gane ɓangaren da ya rinjaya, gadonsa rabin rabon namiji ne da rabin rabon mace. Shari'ar da ta zauna ta lissafa masa gado ba za ta bari a tuɓe shi a tsakar komisariya ba. Akwai kuma wanda namiji ne, amma taushin murya da karairaya a jikinsa suke tun yarinta. Imam Nawawi ya ce wannan babu zargi a kansa, Ibnu Hajar ya ƙara da cewa a umarce shi ya riƙa ƙoƙarin bari sannu a hankali. Sai na uku, mai yi da gangan, shi la'anar ta shafa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1989, ta bi wannan rarrabewa: ta haramta wa mai cikakkiyar halitta sauya jinsi da tiyata, ta halatta wa mata-maza magani don a kawar masa da ruɗani.

To kai da ƙarfe biyun dare, da tocila a hannu, ta yaya za ka san wane ne wane? Ba za ka sani ba, kuma ba a ɗora maka sanin ba.

Mu ɗauka ma dukansu na ukun ne. Dubi yadda aka yi da irinsu a zamanin Annabi (SAW). Lokacin da aka kewaye Ɗa'ifa, shekara ta 8 bayan hijira, wani mai suna Hitu yana ɗakin Ummu Salama, Annabi (SAW) ya ji yana siffanta wa ɗan'uwanta jikin 'yar Gailan. Abin da ya yi shi ne ya hana irinsa shiga wurin mata. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa an kawo wani da ya sa lalle hannu da ƙafa, Annabi ya sa a fitar da shi zuwa Naƙi'u, wani wuri a wajen Madina. Aka ce, ba ma kashe shi ba? Ya ce an hana ni kashe masu salla. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan na biyu, amma ko a wurin waɗanda suka inganta shi, ka lura da abu biyu. Sahabbai kawo shi suka yi gaban shugaba, ruwayar ba ta ce sun taɓa shi a hanya ba. Kuma wanda ya yanke hukuncin shi ne mai ikon yankewa. Ta'aziri, wato horo a kan laifin da shari'a ba ta yanka masa haddi ba, aikin alƙali ne. Kakin da ke jikinka ya ba ka ikon kamawa da tsarewa da kai mutum gaban shari'a, bai mai da kai alƙali ba, balle mai bulala.

La'anar ma a kan siffa ta zo, ba a nuna mutum da yatsa a ce wane la'ananne ne. An sha kawo wani mutum gaban Annabi saboda giya, alhali mai shan giya ma an la'ance shi. Da wani ya tsine masa, Annabi ya ce kada ku la'ance shi, yana son Allah da Manzonsa. Wannan ma a Buhari yake.

Abin da ya kamata ya hana abokan aikinka barci shi ne hadisan da suka zo a kan masu irin aikinku. Hishamu ɗan Hakimu ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su a rana saboda haraji, kuma ba Musulmi ba ne, ya ce na ji Manzon Allah yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Muslim ne ya ruwaito, kuma shi ya ruwaito hadisin 'yan wuta masu bulala kamar wutsiyar shanu suna dukan mutane. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. An hango zanin wani, an taka tsiraicinsa da aka buɗe, da hoton da aka ɗauka, da jika arba'in da aka ƙwace. Ni a ganina abin da aka yi a ɗakin nan ya fi abin da aka kama su da shi nauyi, domin nasu tsakaninsu da Allah ne, tuba na shafe shi, naku kuwa haƙƙin bawa ne, sai mai shi ya yafe.

Maganar caje. Wanda namiji ne a fili, namiji ke caje shi ko da atamfa ya ɗaura, ta saman tufa, a keɓe, ba a gaban 'yan kallo ba. Annabi ya hana namiji kallon al'aurar namiji, kuma son sanin "mace ce ko namiji" ba larura ba ce da ke halatta buɗe ta. Wanda ya ce shi mata-maza ne, a karɓi maganarsa a matakin tsarewa, a tambaye shi ɓangaren da yake rayuwa a kai, a taƙaita cajen ga neman makami ko kayan laifi. In shari'a ta buƙaci tabbaci, alƙali zai tura shi wurin likita.

Ɗaki kuwa, ɗan daudu ba ya kwana da mata, hadisin Hitu ya isa hujja. Amma kai ka fi ni sanin abin da ke iya samunsa in aka kulle shi da dare cikin maza ashirin. Wanda ka tsare amana ne a hannunka, in aka yi masa fyaɗe ko aka ji masa rauni kana da kamasho a zunubin. Don haka a ware shi, ko da a benci ne kusa da mai gadi. Mata-maza kuwa ware shi wajibi ne, tunda ko a sahun salla malamai wuri suka ba shi tsakanin maza da mata. A rubuta sunan da ke kan katin shaidarsa a littafi, da lokacin da ya shigo, da dalilin kamun. In akwai abin da dokar ƙasa ta hana, a kai takarda ga mai shigar da ƙara cikin wa'adin da doka ta sa. In babu, a buɗe masa ƙofa ba tare da dala ɗaya ba. Salularsa ba a buɗe ta don neman abin dariya, Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, kamar yadda ta hana izgili da jifa da mummunan laƙabi.

Ranar da ɗayansu ya zo da kansa ya ce an yi masa sata ko an doke shi a Katako, ƙararsa kamar ta limamin unguwa take. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. In kana son yi masa nasiha, ka gama masa aikinsa tukuna, sannan ka ja shi gefe. Wanda ka sa rawa tsirara jiya ba zai ji wa'azinka yau ba.

Saura kai. Dariyar ka yi istigfari a kanta. Kuɗin ba kyauta ba ne, ƙwace ne, ba ya halatta ka ci ko ka kai wa iyali. Ka mayar wa masu shi, ko ta hannun wani ne in kana jin nauyi, in ka neme su ka rasa ka yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je musu. Ka sami wanda ya ɗauki hoton ku biyu kaɗai ka roƙe shi ya goge, ka gaya masa duk salular da hoton ya shiga yana da rabo a zunubin. In an sake, kuma ko da na gaba da kai ne ya ba da umarni, kada ka sa hannu, ba a yi wa mahaluƙi biyayya a saɓon Mahalicci. In kana iya kai maganar ga komishina ba tare da ka jawo wa kanka cutar da ba za ka iya ɗauka ba, ka kai. In ba ka iya, ka fita daga ɗakin, ka ƙi karɓar rabo.

Wallahu a'alamu.