Wa ke jinyar ɗan Zongo?

Ɗana, ranar da muka haɗu a asibitin Shika wajen dubiyar gwaggo, ka ga yadda 'yan gidanmu na cikin birnin Zariya suka zo da tabarmi da kwanukan abinci suna karɓar jinya da juna, sai ka juyo ka tambaye ni wa ke yi mana irin wannan hidima a Kumasi idan ciwo ya kwantar da mutum, tunda mun yi nisa da tushenmu. Wurin bai ba ni damar amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka kafin in kama hanyar komawa.

Kakana, wanda yake ƙanen kakan mahaifinka, fataucin goro ne ya kai shi ƙasar Tonawa, wato mutanen Asante, kuma bai tafi da gandu ba, bai tafi da gona ba. Abin da ya tarar shi ne maigida, mutumin da ke saukar da fatake a gidansa, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu a gaban hukuma. Idan baƙo ya kwanta ciwo, matan maigida ke dama masa kunu. Idan ya rasu, maigida ke sayen likkafani, ya riƙe dukiyarsa har magada su zo. A kan wannan harsashi aka gina Zongo, kuma har yau idan ka shiga Aboabo ko Asawase za ka ga gida guda mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna kewaye da ita, a ciki akwai Bahaushe da Bazabarme da Badagombe da mutumin Mosi, Hausa ce ke haɗa su, 'ya'yansu kuma suna kiran duk macen da ta girme su inna ko gwaggo ba tare da tambayar inda jini ya haɗu ba. A wurinku dangi gado ne da ake haifar mutum a cikinsa. A wurinmu rabinsa gado ne, rabinsa kuwa zaman tare ne ya ƙulla shi, kuma sau da yawa wannan rabin na biyu shi ke kwana a gefen gadon majinyaci.

Shekarar 1969 ta ƙara ɗaure wannan zumunci. Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana, gidaje da yawa suka rabu biyu, wasu suka dawo Nijeriya, wasu suka tsaya. Tsofaffi da yaran da aka bari a baya maƙwabta ne suka riƙe su, kuma na san dattawan da har suka koma ga Allah suna kiran wanda ya riƙe su a lokacin da sunan uba.

Idan ciwo ya kama mutum, ba ya yanke shawarar zuwa asibiti shi kaɗai. Babba a gidan ake fara faɗa wa, shi kuma ya sanar da liman bayan sallar asuba, kafin azahar an tara abin da ya sawwaƙa. Mata sun fi mu tsari a nan, domin suna da adashi, wanda mutanen ƙasar ke kira susu, da ƙungiyoyin biki da suna, kuma al'ada ce a ba wadda ke jinya kwasa ko da layi bai zo kanta ba. Idan abin ya yi tsanani aka wuce babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sai a raba aiki: wata ta kwana, wata ta dafa, saurayi guda ya zama ɗan aike tsakanin likita da kantin magani, samarin masallaci kuma su ba da jini idan an nema. Dole a sa wanda ke jin Turanci da harshen Twi a cikin masu jinya, domin tsohuwar da ba ta jin ko ɗaya a cikinsu ba za ta iya bayyana inda ke mata ciwo ba.

Da can sai an biya kuɗi a hannu kafin a duba mutum, kuma wannan ya sa gidaje da yawa sayar da kadara. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ta rage nauyin, musamman ga masu juna biyu da waɗanda suka kai shekara 70, amma kati ba ya dama kunu, ba ya juya wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, kuma akwai magungunan da ba sa cikinsa. Haka ma haihuwa: yawancin 'ya'yanmu mata a asibiti suke sauka yanzu, sai dai kwana arba'in na jego har yau a hannun uwa ko gwaggo suke, da ruwan zafi da kunun kanwa, kamar dai yadda ake yi a Tudun Wada ko Ƙofar Doka.

Maƙwabtanmu Tonawa suna da nasu tsari, wanda ya kamata ka sani don ka fahimci inda muke zaune. Su ta wajen uwa suke lissafin dangi, abin da suke kira abusua, kuma a al'adarsu kawu ne ke da babban nauyi a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa, su ne kuma magadansa, har sai da dokar gado ta 1985 ta tabbatar wa mata da 'ya'yan mamaci kasonsu idan bai bar wasiyya ba. Mu mun tsaya a kan rabon gado na shari'a da nauyin uba, amma inda aka yi auratayya, wajibi ne a zauna tun da wuri a fayyace wa ke da ta cewa idan ciwo ko mutuwa ta zo, domin na ga inda rashin yin haka ya bar majinyaci kwance ana jayayya a kansa.

Game da nasiha da sulhu, rikicin aure ba ya fara zuwa kotu. Waliyyai ke fara zama, idan ya gagara a je wurin liman, idan ya fi ƙarfinsa a kai fadar Sarkin Zongo. Ina ganin alherin wannan tsari, amma ba zan ɓoye maka inda yake ba ni tsoro ba. Kalmar da ta fi saurin fita daga bakin manya ita ce haƙuri, kuma akwai matar da ake ce wa ta yi haƙuri alhali abin da ke damunta ciwo ne mai buƙatar likita. A gidan da kowa ke jin tarin kowa, mutum yakan ɓoye damuwarsa don gudun a ce gidansu akwai taɓin hankali, 'yan matan gidan su rasa manema. Sai a yi ta ruƙiya da rubutu a ɗaka shekara da shekaru. Ban raina addu'a ba, da ita aka rene ni, amma ita da magani ba kishiyoyi ba ne. Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, sai dai manyan asibitocin wannan fanni guda uku, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu wajen gaɓar teku, saboda haka mu sashen da ke Komfo Anokye muka fi dogara da shi.

Wani yaron gidanmu ya yi kusan shekara biyu ba ya fita, ba ya magana, uwarsa tana cewa jinnu ne. Wata jikar maigidanmu da ta karanta aikin jinya ce ta fara zuwa wurin liman ta yi masa bayani, liman ya kira mahaifin yaron, sannan su biyun suka raka shi wurin likita da kansu. Yanzu yana ɗinki a kasuwar Kejetia, kuma duk wata ɗaya daga cikin matan gidan ke tuna masa ranar karɓar magani. Tunda kai ma aikin lafiya kake karanta a Samaru, ina so idan ka samu hutu ka zo ka zauna da wannan yarinya, ka ji daga bakinta yadda ta shawo kan dattawan.