Goron aure da asalin gida: amsar Goggo

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ranki ya ɓaci don tsofaffin gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana, sun dakatar da maganar aurenki sai an aika garin Ejura an yi binciken asali, kin kuma tambayi yadda ake biki a zangunan ƙauye zamanin kakanninki. Kwantar da hankalinki ki ji.

Yawancin gidajenmu na Kumasi fataucin goro ne ya kawo su. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna sauka Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Gana ta yau, har yaƙin basasar garin na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Yeji, Kete Karaci, Atebubu da Kumasi. Sai kuma dokar gwamnatin Busia ta 1969 da ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana: wa ya koma Najeriya, ƙane ya tsaya. Shi ya sa danginmu suke warwatse a garuruwan kan hanyar arewa, wani bai san wani ba.

Abin da tsofaffi suka fi tsoro shi ne shayarwa. A gidan yawa na da, mace ta tafi gona ko kasuwa, maƙwabciya ta ɗauki jaririn da ke kuka ta ba shi nono, ba wanda ya rubuta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya nonon ya kai cikin yaro kafin yaye, a cikin shekara biyun farko, ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yan matar. In aka gano bayan ɗaurin aure, raba shi ake yi, ko da an haihu. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin mata, don haka su ake aika wa tambaya, ba maza ba.

In bincike ya fito lafiya, sai gaisuwar iyaye da sa rana. A ƙauye bayan kaka ake sawa, an haƙe doya, an cire masara, hanya ta bushe, don motar katako da za ta kai amarya ba ta iya laka.

Goro kuwa da ƙwarya ake lissafa shi, ƙwarya ɗaya goro ɗari. Ana naɗe shi cikin ɗanyen ganye a kwando, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa kaɗan. Hunturu na busar da shi ya yamutse, ruwa in ya yi yawa ya ruɓe, kuma dole a riƙa buɗewa ana tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Tsohuwa ɗaya ce ke rabo. Za ki gan ta zaune kan tabarma tana ƙullawa tana faɗa: wannan na gidan wane, kakarsu da kakanmu ɗakinsu ɗaya. Yarinyar da ke miƙa mata ganye a nan take haddace dangi. Gidan da aka tsallake kuwa, an ce da shi ba namu ba ne, kuma gabar na iya kai shekaru.

Sauran kin san wasu. A sa amarya a lalle, a ƙunsa ƙafa da ganye da tsumma, hannu a cikin zunguru, arwanka ta yi mata wanka. A ɗaura aure a zaure ko ƙofar masallaci, da waliyyi da wakili da shaidu biyu adalai, a ambaci sadaki a fili, kada ya gaza rubu'in dinari. Kafin sidi, kuɗin Gana, ya zo a 1965, da fam da sule ake biya. Maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita sunan ango da amarya da na iyayensu, don na bayan taro ma ya zama shaida. Da dare a kai ta, gara ta biyo baya: shinkafa, mai, nakiya da alkaki.

Ranar da 'yan aike za su tafi Ejura, ki roƙa a tafi da ke. Ki riƙe littafi da biro, ki kai wa tsohuwar da za a tambaya farin goro, ki ce ta faɗa miki sunayen matan da suka zauna gida ɗaya da kakarki.