Burina na shekara ba ya wuce Fabrairu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Legas, na gama aji biyu. Ina zaune a Agege wurin kawuna, ran Asabar kuma ina taya shi tsare rumfar albasa a kasuwar Mile 12. Duk farkon shekara nakan cika takarda da buri: in ɗaga makina daga 3.10 zuwa 3.50, in sauke Alƙur'ani, in koyi kwamfuta, in tara kuɗi, in riƙa motsa jiki. Kafin Fabrairu ta ƙare, takardar ma sai in neme ta in rasa. Lalaci ne ke damuna?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, wanda ke baro Agege da duku-duku ya nufi Akoka inda jami'ar take, bai dawo ba sai bayan magariba, ba a kiran sa malalaci. Ka dai rubuta burinka kamar mai kwana a cikin makaranta, ka manta da rabon da hanya ke ci. Kuma taura biyu ba ta taunuwa, kai har biyar ka cusa a baki.

Mu fara da makin, don shi ke da lissafi. Idan nauyin kwasa-kwasanka kusan ɗaya ne kowane zango, to zango huɗu ka yi a kan 3.10. In ka ce lallai a bana za ka kai 3.50, sai ka ci 4.30 a zanguna biyu a jere, wato kusan komai A da B. In kuwa ka shimfiɗa shi a kan zanguna huɗun da suka rage maka, 3.90 ya isa. Ka ga burin bai sauya ba, wa'adin ne ka matsa wa kanka. Saboda haka ka goge "3.50" daga takardar, ka rubuta abin da hannu ke iya kamawa: kwas biyu masu maki uku-uku da suka fi ba ka wahala, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya da za ka riƙa warwarewa kowace Lahadi bayan azahar.

Saukar Alƙur'ani ta fi sauƙi fiye da yadda kake zato. Bugun Madina shafi 604 ne. Shafi biyu kullum, cikin wata goma ka sauke, da rarar wata biyu na ranakun jarrabawa da na zazzaɓi. Ka ɗaura shi a jikin sallar asuba, kafin ka taɓa waya. Abin da aka jingina da salla ba ya ɓata, wanda aka bari sai "in na samu lokaci" kuwa Legas ba ta ba kowa.

Sai hanya. A danfo, gwiwarka a bayan wani, kwandasta na ihun canji, ba a buɗe littafi. Amma kunne a sake yake: ka naɗi muryarka kana karanta taƙaitaccen darasi, ka saurara a cunkoson Oshodi. Jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege da Yaba, kusa da Akoka. Ranar da lokacinsa ya yi daidai da naka, ka hau, a can ana iya riƙe takarda.

Kwamfuta ka ajiye ta sai dogon hutu. Kalandar jami'a ma ba ta bin Janairu, wanda ya ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya sani. Shi ya sa nake cewa ɗalibai su tsara burinsu zango-zango. Motsa jiki kuwa, mai sauke buhun albasa ba ya buƙatar nasihata.

Kuɗi: duk Asabar da kawu ya sallame ka, ka cire wani abu tun kafin ka bar rumfar, ka damƙa wa matarsa ta riƙe maka. Ita ba a cire kuɗi a wurinta da tsakar dare.

Takardar kuma ka manna ta a bayan ƙofar ɗakinka. Duk daren Juma'a ka duba, ka sa alama. Makon da ya kuɓuce kada ka ce sai ka rama shi, ka ɗora daga shafin da ka tsaya.