Ɗalibaina Suna Gudun Darasin Motsa Jiki, In Hora Su Da Tsallen Kwaɗo?

Tambaya: Ni malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina 'yan shekara 14 zuwa 16 ne, kuma da an kaɗa ƙararrawar darasina sai rabinsu su sulale. Wannan ya ce ciwon ciki, wancan ya manta takalmi, 'yan mata kuwa su rakuɓe a inuwa. Wani babban malami ya ce in riƙa sa duk wanda ya maƙale tsallen kwaɗo ko zagaye fili, kuma in hana shi ruwa, wai za su shiga taitayinsu. Ina tsoron a ce na kasa aikina. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba ajinka kaɗai ba ne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun motsa jikin minti 60 a rana. A 'yan mata abin ya kai kashi 85.

Amma shawarar babban malamin nan, don Allah ka yi watsi da ita. Na gaji da jin ta. Kullum sai na haɗu da mai cewa yaro ba ya ƙwari sai ya ji jiki, wai hana ruwa yana ƙara juriya. Ƙarya ce. Yaron da bai saba ba, ka sa shi tsallen kwaɗo har ƙafafunsa suna rawa, naman cinyarsa na iya farfashewa ta ciki. Wani sinadari da ke cikin tsoka sai ya kwarara cikin jini, ya je ya illata ƙoda. Washegari yaro ya kasa miƙewa, cinya ta kumbura, fitsarinsa ya koma ja-ja ko baƙi-baƙi. A gida a ce gajiya ce, a shafa masa man zafi, alhali gadon asibiti yake bukata a ranar. Ƙishirwa da zafin rana su ne ke ƙara rura wutar. Ka kuma san a kowane aji ana iya samun mai asma, ko mai ɗauke da ƙwayar sikila wanda shi kansa bai sani ba. Yaron da ya fara surutai marasa kan gado ko tangaɗi a fili, ba iya shege yake yi ba. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi nan take, a nemi likita.

Ko da ma ba a kai ga asibiti ba, me ka koya masa? Cewa gudu horo ne na masu laifi. Sannan ranar Litinin ka dawo kana roƙonsa ya so gudu.

Matashi ba ƙiwa ce ke korarsa ba, yawanci kunya ce. Jiki yana canzawa, ga idon sa'o'i. Masana halayyar ɗan Adam, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe da nuna cewa mutum yana himma ne idan yana da zaɓi, yana ganin ya iya, kuma yana jin ana yi da shi. To ba su zaɓi tsakanin wasa biyu ko uku: ƙwallon raga, tsallen igiya, tseren miƙa sanda. Ka daina barin kyaftin biyu suna tsintar 'yan wasa, domin wanda aka bari a ƙarshe gobe shi ne mai ciwon ciki. Raba su huɗu-huɗu, kowa ya taɓa ƙwallo. Auna yaro da lokacin da ya yi makon jiya, kada ka gwada shi da gwanin aji.

'Yan mata kuma, tambaye su a natse, ko ka sa malama ta tambaya. Sau da yawa matsalar rashin wurin canza kaya ce, ko sutura mai takura, ko al'ada. Motsa jiki mai sauƙi ba ya cutar da mai al'ada, yakan ma rage mata ciwon mara.

Sai hukumar makaranta. Da jarrabawa ta ƙarato, darasinka ne ake fara ƙwacewa a ba lissafi, yara kuma suna kallo. Je ofishin shugaban makaranta ka nemi a bar maka lokacinka, a ɗauke shi daga tsakar rana, a ajiye ruwan sha a bakin fili.