Mai Neman Ƙwarewa Zai Yi Wa Babana Tiyata

Tambaya: Likita, za a yi wa mahaifina aikin ƙaba a asibitin koyarwa, an ce likita mai neman ƙwarewa ne zai riƙe wuƙar. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ba ɗalibi ba ne. Ya gama karatun likita na shekara 6, yanzu yana horon fiɗa ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta Najeriya. Ni ma a kan aikin ƙaba hannuna ya faɗa, malamina na tsaye a kaina yana duba kowane ɗinki. Gaskiya aikin yakan ɗan fi daɗewa a hannun mai koyo. Abu ɗaya za ki tambaya: babban likita zai shiga ɗakin tiyatar? In zai shiga, ku sa hannu. Allah ya ba Baba lafiya.